Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Maganin Bara Ba Ya Kashe Tsutsar Bana?

Wasiƙun wannan wata daga Gombe da Bauchi suka fi yawa. Wani kan tumatir yake tambaya, wata kan zazzaɓi, wani kan ƙungiyarsu ta kasuwa, amma kukan kusan ɗaya ne: abin da ke aiki a da, yanzu ya daina. Mun miƙa tambayoyin ga masu amsa mana a fannin noma, lafiya da sha'anin mulki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina noman tumatir na rani a Dadin Kowa. Shekara uku ke nan ina fesa magani iri ɗaya saboda tsutsar tumatir da ake kira sharon. Da farko feshi ɗaya ya isa, bana kuwa duk kwana uku nake fesawa, har na ninka awo, amma ganye sai ƙonewa yake yi, 'ya'yan duk huda. Maganin ne aka rage wa ƙarfi, ko tsutsar ce ta saba?
Wani manomi, Dadin Kowa

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar maka da abin da ka rasa. Kafin a ɗora wa tsutsa laifi, fara binciken kayanka. Duba ranar lalacewar maganin da lambar NAFDAC a jikin kwalba, domin jabu ya yi yawa a kasuwa. Duba ruwan da kake haɗawa da shi. Ruwan rafi mai laka yana rage wa wasu magunguna ƙarfi. Duba bakin famfon feshinka: in ya ci ya faɗaɗa, yayyafi yake yi mai manyan ɗigo, maganin ya gangara ƙasa bai kama bayan ganye ba. Sannan lokaci. Uwar sharon ƙaramar ƙwaro ce mai fiffike, launin toka, da dare take yawo, don haka feshin yamma lis ko na sassafe ya fi na tsakar rana.

Idan duk waɗannan lafiya lau suke, to zatonka na biyu ne daidai, sai dai kalmar "saba" tana ɓatar da mutane. Tsutsa ɗaya ba ta sabawa da guba kamar yadda mutum ke saba wa yaji. Ga yadda abin yake. Ɗauki misalin tsutsa dubu a gonarka. Tun kafin ka taɓa fesawa, akwai 'yan ƙalilan, a ce biyar, waɗanda aka halicce su da jikin da ke iya narkar da wannan guba. Ka fesa, sauran suka mutu, biyar ɗin suka rage. Su ne za su hayayyafa, kuma 'ya'yansu za su gaji wannan jiki. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai har 260, kuma a zafin ƙasarmu daga ƙwai zuwa uwa ba ya wuce wata guda. A shekara ana samun zuriya 10 zuwa 12. Kenan a shekara ukun da ka ambata, ka tace zuriya kusan 30 da rariya ɗaya, kowane karo kana kashe masu rauni kana bar wa masu tauri gonar. Da hannunka ka zaɓo irin da ke cinka yanzu. Ninka awo ba ya warware wannan, sai ƙara kashe kuɗi, da kashe ƙwarin da ke cin ƙwan sharon, da barin guba a jikin tumatirin da mutane za su ci.

Ita wannan tsutsa baƙuwa ce. Asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, ta ratso Arewacin Afirka, a 2016 ta yi wa manoman Kano da Kaduna ɓarnar da har yau ake tunawa. Cikin naman ganye take shiga ta yi rami, shi ya sa kake ganin farin tabo kamar takarda. Maganin da sai ya taɓa jikin ƙwaro yake kisa ba ya isa gare ta sosai.

Abin yi shi ne sauya rukunin magani, wato dangin magungunan da ke kisa ta hanya ɗaya, ba sauya sunan kwalba ba. Kamfani biyar za su iya sayar da sinadari ɗaya da suna biyar. Karanta sunan sinadarin da ke ƙasan babban suna, wasu kwalaben ma suna ɗauke da lambar rukuni. Lamda da saifametirin duk rukuni na 3 ne, don haka barin ɗaya ka koma ɗaya tamkar ba ka sauya komai ba. Imamektin da abamektin rukuni na 6 ne, sifinosad na 5, indoksakab na 22, kulorantiranilifurol na 28. Ƙa'idar ita ce ka tsaya kan rukuni ɗaya na tsawon kwana 30, wato zuriya guda, sannan ka bar shi gaba ɗaya na kwana 60 kafin ka waiwaye shi. Ka bi awon da aka rubuta daidai, kada ka rage don ya auku, domin rabin awo shi ne makarantar da tsutsa ke samun tauri. Kuma ka guji haɗin gambiza, a zuba kala uku a famfo ɗaya. Masu tsira daga wannan haɗin sun gagari ukun a lokaci guda.

Feshi ma ba shi ne farkon aiki ba. Rufe wurin renon iri da raga mai ƙananan ido, kada ka dasa cuta da hannunka. Sa tarkon ƙamshin mace, wanda ke jawo mazan: roba mai faɗi da ruwa da ɗan sabulu ko mai a sama, a rataye ƙamshin a tsakiya. Biyu zuwa huɗu a hekta sun isa su nuna maka ranar da ƙwarin suka shigo. In kamu kake so sosai, sai 20 zuwa 40, a riƙa sauya ƙamshin duk sati huɗu zuwa shida. Tsinke ganyen da ya kamu ka binne. Bayan ɗiban ƙarshe, tuge karan ka ƙone, ka cire gautan kaji da ke bakin gona, domin a jikinsa take fakewa, haka ma yalo da dankalin Turawa.

Sai dai abu ɗaya: ƙwaro bai san iyakar gona ba. In kai ka sauya rukuni maƙwabcinka na kan tsohon, nasa za su tsallako. Ku zauna da shugaban fadamarku ku tsayar da lokacin dashe ɗaya, da jerin magani ɗaya, da sati shida a shekara da babu tumatir ko ɗaya a tsaye a yankin.

TAMBAYA: Muna yara kulorokwin ake ba mu mu warke. Yanzu an ce ba ya aiki. Shin jikinmu ne ya saba da shi? Kuma in yaro ya sha sabon maganin kwana ɗaya zazzaɓi ya sauka, laifi ne in ajiye sauran don wani lokaci?
Wata uwa, unguwar Jekadafari, Gombe

AMSA: Hajiya, ba jikinki ba ne, ƙwayar cutar ce ta canza, kuma ta hanyar da muka bayyana wa manomi a sama. An fara ganin maleriyar da ta gagari kulorokwin a ƙarshen shekarun 1950 a kan iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya, ta iso Gabashin Afirka a 1978, ta bazu. A 2005 Najeriya ta bar shi ta koma maganin haɗaka da ake kira ACT.

Ajiye sauran kuwa kuskure ne babba, muna roƙonki ki daina. Wanda aka fi bayarwa haɗin atimita da lumefantirin ne. Na farkon yana da saurin kisa amma cikin 'yan awoyi yake barin jini; shi ne ke sauke zazzaɓin rana ta farko. Na biyun a hankali yake taruwa ya share ragowar. In kika tsaya a rana ɗaya, ragowar da suka fi tauri ne kika bari, su dawo bayan sati biyu ko uku, sauro kuma ya kwashe su ya kai gidan maƙwabta. Sha shida ne cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da dare na kwana biyu. Da nauyin yaro ake awo. In ƙaramar ƙwayar ce mai lamba 20/120, kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya kowane sha, 15 zuwa 24 biyu, 25 zuwa 34 uku, daga 35 zuwa sama huɗu. A ba shi da nono, madara ko abinci mai maiƙo, in ba haka ba lumefantirin ba ya shiga jini yadda ya kamata. In ya amayar cikin rabin awa, a maimaita. Kuma a yi gwajin jini tukuna. Ba kowane zafin jiki ne maleriya ba, gwajin yatsa minti 15 zuwa 20 ne kawai.

Akwai ɗabi'ar da ta fi wannan damunmu, wato zuwa kemis a yi allura ɗaya ko biyu a ce an warke. Allura ta mai tsananin ciwo ce, a asibiti, kuma dole a bi ta da cikakken ACT na kwana uku. An riga an tabbatar da maleriyar da ta fara jinkirin mutuwa da wannan magani a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya. Ba mu da wani a ajiye da ya kai shi araha da inganci.

Tun da daga Gombe kike, ga ƙarin abu. A 2020 a jiharku aka fara gano wani baƙon sauro ɗan asalin Asiya a Najeriya, mai suna Anofilis sitifensi. Namu na gida kududdufin damina yake so. Wannan kuwa tanki, randa, duro da rijiyar siminti sun ishe shi, don haka ko da rani yana nan. A garin da kowa ke tara ruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rufe mazubin ruwa ruf, wanda ba ya rufuwa a juye shi a goge bangonsa sau ɗaya a sati.

TAMBAYA: Ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa ta fara da mutum 18 muna adashi. Yau mun haura 200, ana ba da rance, kuɗi na hannun Alhajin da ya kafa ta, kuma komai a kansa yake, babu littafi. Ba mu zarginsa, amma ya manyanta, matasa na guna-guni, wasu na shirin ɓallewa. Ta yaya za mu gyara ba tare da mun ci mutuncinsa ko mun wargaje ba?
Sakataren wata ƙungiya, cikin garin Bauchi

AMSA: Malam Sakatare, ƙungiyarku ba lalacewa ta yi ba, girma ta yi ta fi ƙarfin rigarta. Mutum 18 sun san juna, sun san gidan juna, kunya kaɗai ta isa ta sa a biya bashi. Mutum 200 ba haka ba ne. Akwai wanda bai taɓa gaisawa da wani ba. Abin da sanayya ke riƙewa a da, yanzu sai rubutu. Kuma ku sani, ranar da Allah Ya yi wa Alhaji rasuwa ko ciwo ya kwantar da shi, lissafin da ke kansa ya tafi, magada su ce kuɗin mahaifinsu ne, ku ce naku ne, babu mai shaida.

Kada ku fara da zaɓe. Nan ne yawancin ƙungiyoyi ke karyewa, domin dattijo zai ji an tsige shi, mutanensa su ja daga. Ku fara da littafi, kuma ku same shi a gida, ku biyu ko uku da wani aboki nasa da yake jin maganarsa, ba a bainar taro ba. Ku ce masa so kuke ku sauke masa nauyin amana tun yana da ƙarfi, wanda gaskiya ne. A zauna da shi a rubuta kowane mamba: nawa ya zuba, nawa ake binsa, wa ya tsaya masa. A karanta a gaban taro, kowa ya amince da nasa ya sa hannu. Za a sami saɓani a wasu, a ware musu kwamitin mutum uku su warware cikin wata guda.

Bayan nan sai a raba hannu. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, mai binciken littafi daban, kuma kada biyu daga cikinsu su fito gida ɗaya ko shago ɗaya. Asusun banki da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, ba a fitar da ko kwabo sai biyu sun sa. Duk zubi da rasit mai kwafi. In ana turo kuɗi ta waya, to cikin asusun ƙungiya, ba na ma'aji ba. Wannan ƙaramar ƙofa ta halaka amintattu da yawa, ba don sun yi niyyar ci ba, sai don kuɗin shago da na jama'a sun cakuɗe. Rance ya kasance da iyaka a rubuce, misali kada ya wuce ninki biyu na abin da mutum ya tara, da masu tsaya masa biyu waɗanda ba a binsu bashi. In kuna gudun riba, ƙungiya ta sayi kayan da mamba ke buƙata ta sayar masa da ƙarin da aka yi yarjejeniya a kai tun farko, ya biya kashi-kashi. Daga abin da aka samu a shekara, a ware kashi ɗaya cikin huɗu a ajiye don ranar da wani ya kasa biya.

Rajista iri biyu ce, kuma ana yawan rikita su. Tun da ajiya da rance kuke yi, rajistar ƙungiyar gama-kai a ofishin kula da su na jiha ta fi dacewa da ku. Ta amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, an yi ta ne don ƙungiyar da ba ta raba riba. Tana buƙatar sanarwa a jaridu biyu da jiran kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan rahoto duk shekara.

Sai a ƙarshe a zo kan wa'adi. Shekara biyu ko uku, sau biyu, kuma kada shugabanni su sauka rana ɗaya. Rabi bana, rabi baɗi, don a sami mai nuna wa sababbi hanya. Alhaji a naɗa shi uban ƙungiya, sulhu da shawara a wurinsa, kujerarsa a gaba. Matasan da ke guna-guni a ba biyu daga cikinsu binciken littafi. Mai ƙorafi in an damƙa masa alƙalami, ko ya gyara ko ya gane wuyar aikin. Ku ba wa duk wannan wata shida zuwa shekara, ba zama ɗaya ba.

TAMBAYA: Malaminmu ya ce hukumar da ba ta canzawa mutuwa take yi. To me ya sa masarautu suke nan sama da shekara 200, ita kuwa NEPA an sauya mata suna sau da yawa amma halinta na nan?
Wani ɗalibi, Kumo

AMSA: Ɗanmu, kallon rawani da algaita ne ya sa kake ganin masarauta ba ta canza ba. Kaɗan ne cikin hukumominmu suka sha sauyi kamarta. Ɗauki Gombe. Buba Yero ya kafa ta a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, hedikwata a Gombe Abba. Bayan yaƙin Burmi na 1903 Turawa suka riƙe ƙasar, suka mayar da hedikwata Nafada a 1913, sannan Doma a 1919, inda garin Gombe yake yau. A zamanin En'e sarki ke da baitulmali, alƙalai, 'yan doka da gidan yari. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna, 'yan doka da gidajen yari. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke mulkin yau da kullum. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba. Haka Bauchin Yakubu ta sha.

Abin da ba a iya karɓewa ba shi ne igiyar da ta taso daga sarki zuwa hakimi, dagaci, mai unguwa, har ƙofar gida. Mai unguwa ya san gidan da aka haihu jiya da baƙon da ya sauka shekaranjiya. Duk aikin da ke buƙatar wannan sani sai ya dawo wurinsu: sulhun gona da aure, shaidar ɗan gari, sa ido kan tsaro. Da rigakafin shan inna ya cije a Arewa, a 2009 aka kafa kwamitin sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin cutar. Masarauta ta rasa iko, ta sami sabon amfani.

Ita kuwa wutar lantarki, an kafa NEPA a 1972, ta zama PHCN a 2005, a Nuwamban 2013 aka fara miƙa rarrabawa ga kamfanoni 11, Bauchi da Gombe suka faɗa ƙarƙashin na Jos. In kana so ka gane ko sauyin hukuma na gaske ne, bar kallon allon ƙofa. Tambayi daga ina kuɗinta ke zuwa, wa ke naɗa shugabanta ya kuma iya cire shi, sannan in talaka ya yi kuka, kukan na taɓa aljihun wani? Muddin ana iya kawo wa gida takardar kuɗin ƙiyasi ko an ba shi wuta ko ba a ba shi ba, babu abin da ke tilasta gyara. Mita mai kati ta fi sauya suna tasiri, domin da ita in babu wuta babu kuɗi. Da wannan ma'auni za ka auna hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye: ka sa ido kan asusun da kuɗin ke sauka da kuma wanda ke sa hannu.

TAMBAYA: Ina malaman gona suka shiga? A da duk sati biyu muna ganinsu a kan babur.
Wani dattijo, Darazo

AMSA: Baba, Allah Ya ƙara lafiya, ba ka manta ba. Gombe na cikin wurare uku na farko, tare da Funtua da Gusau, da aka fara shirin bunƙasa noma da rancen Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, daga baya aka faɗaɗa shi ya game tsohuwar jihar Bauchi. Tsarin shi ne malami ya je horo duk sati biyu, ya zagaya manomansa a ranakun da aka tsayar. Babur, mai da alawus duk daga rancen suke. Da rancen ya ƙare a shekarun 1990, albashi ya ci gaba amma kuɗin fita ya tsaya. Waɗanda suka yi ritaya ba a cike gurbinsu yadda ya kamata ba. Hukumar da jijiyarta ɗaya ce, in aka yanke ta, ofis zai rage amma aiki ya bushe.

Gurbin bai zauna fanko ba. Yau wanda manomi ke tambaya shi ne mai shagon magani, wanda abincinsa ke cikin yawan kwalaben da ya sayar. Akwai masu amana a cikinsu, amma ba za a sa ran mai sayarwa ya ce kada ka fesa ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka kai manomin Dadin Kowa ga feshi duk kwana uku. Ofisoshin shirin suna nan a Bauchi da Gombe, da sauran ma'aikata masu ilimi. Manoma 20 ko 30 in suka haɗu suka rubuta takarda ta hannun dagaci zuwa ofishin shiyya, suka tsayar da rana ɗaya a wata, suka ɗauki nauyin man babur, galibi za a samu mai zuwa. Ku tanadi littafi guda a hannun mai karatu a cikinku, a riƙa rubuta ranar shuka, irin da aka shuka, sunan sinadarin da aka fesa da awonsa, da abin da aka gani bayan kwana uku, malamin ya duba ya sa hannu kafin ya hau babur.